Gashin Jikana da Dirhamin Kaka

Ko da tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ranar da aka auna gashin jikana ba za ta bi sahu ba. Bari ma in fara da waɗanda suke wurin, don kada wani ya ce na ƙara gishiri. Akwai Gwaggo, yayar marigayi mijina, matar da ko gaisuwar mutuwa ta je sai ta gyara wa masu makoki zama. Akwai Alhaji, ƙanensu, mai manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Kotonu, wanda tun da ya dawo daga Makka ya koma gyara wa kowa addini. Akwai limamin unguwarmu da wanzamin gidan. Akwai ɗana na fari, uban jaririn, direba a ɗaya daga cikin motocin Alhajin. Matarsa tana ɗakin jego, labule ne kawai tsakaninmu da ita. Sai ni. Tsakar gida kuwa cike yake da matan suna, hannuwansu a kan tukwane, kunnuwansu a wurinmu.

Gidan da aka kawo ni aure a nan Gaya yana da wata al'ada. Ranar suna, idan wanzami ya aske jariri, sai a auna gashin a ba da sadakar nauyinsa da azurfa. Wannan kam a addini yake, ba su suka ƙirƙiro ba. Abin da suka ƙara shi ne dirhamin Kaka. Wani ɗan kuɗin azurfa ne da bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba, ya suɗe har rubutun jikinsa ya kusa ɓacewa, da ƴar huda a gefe. Sun ce kakansu ne ya zo da shi daga fataucin goro a Gwanja. A hannun Gwaggo yake, ƙulle a bakin zane, tare da wani ɗan ma'auni mai faranti biyu na tagulla da zare. Sai ta sa dirhamin a gefe guda, gashin a ɗaya gefen, ta ɗaga, ta kanne ido ɗaya, ta ce, "Ya yi daidai, jininmu ne." A rangaɗa guɗa. Ina jin da wasa aka fara abin, amma kafin a kawo ni ya riga ya zama doka. Har bugun ƙirji suke yi a gari, wai ba a taɓa haihuwar ɗa a zuriyarsu da gashinsa ya kasa dirhami ba. An auna nawa duka a gabana, ban taɓa cewa uffan ba. Aure ya kawo ni gidan, ba haihuwa ba.

To, shekarar da aka rufe gadar kan iyaka, motar ɗana tana cikin waɗanda suka maƙale a ƙetaren gulbi, a layin nan da ya miƙe daga Malanbil har inda ido ba ya kaiwa. Shinkafar mutane ce fal a cikinta. Da aka fara jin labarin ana farke tampol ana zuƙe gazuwal, wato man motocin, sai Alhaji ya tara direbobinsa a waya ya rantse, ya ce duk wanda ya bar motarsa ko da na yini ɗaya ne, ya ajiye masa makulli. Kowa a gari ya ji wannan rantsuwa, don Alhaji ba ya rantsuwa a hankali. Saboda haka kowa ya san ɗana yana can ƙarƙashin mota yana dafa shayi wata da watanni. Ana nan sai ga matarsa da ciki. Yarinya ce daga Tanda, ba ta da surutu, idan ta gaishe ka sai ka miƙa kunne. Matan unguwa suka fara lissafi da yatsu a ƙarƙashin mayafi. Ba wanda ya furta komai, amma gaisuwa ta canja. Mace ta ce mata, "Ya nauyin jiki? Mai gidan har yanzu yana can ko?" sai ta ja wannan "ko" ɗin har ƙofar gida.

Ni na san abin da ba su sani ba. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma ko ƙadangare ya ratsa gidan nan na san ta inda ya shigo. Ɗan nawa yana ƙetarowa da kwale-kwale, ya naɗe fuska da rawani kamar wani Buzu mai sayar da magani, ya shigo ta ƙofar baya lokacin da maza suke kasuwa. Wai shi ɓoyewa yake yi, alhali takalminsa na nan a bakin ɗaki da laka ta gulbi, tarinsa kuma irin na ubansa ne sak. Ya rantsar da matarsa kada ta gaya wa kowa, don in Alhaji ya ji, aikin ya tafi. Ni kuma na ce a raina, bari jaririn ya zo, fuskarsa za ta rufe bakin kowa. Ya zo kuwa, amma fuskar ɗan kwana bakwai ba ta kama da kowa sai da ɗanyen dankali.

Ranar suna, bayan an yi addu'a an raba goro, muka koma rumfar da ke gaban ɗakin mai jego. Wanzami ya jiƙa kan yaro, ya sa sabuwar reza, ya tattara gashin a kan auduga. Gwaggo ta fara kwance bakin zane ke nan sai Alhaji ya ɗaga hannu. "Yaya, dakata. Yau da ilimi za a yi abin nan." Ya zaro wani ɗan abu daga aljihu, baƙi, shafal kamar waya, ya ce ma'aunin masu sayar da zinariya ne, da pil yake aiki, wato batir. Ya ce yanzu maƙeri ba ya sanin dirhami, da giram yake sayar da azurfa, don haka dole a san giram nawa ne dirhamin Kaka, ta yadda ƴaƴan gidan da ke Yamai da Dosso su ma za su riƙa fitar da sadakar daidai ba sai sun zo ba. Ya kuma dubi audugar ya yamutsa fuska. "Wannan ai rabinsa kumfa ne. Sadakar gashi aka ce, ba sadakar sabulu ba." Ya sa aka baje gashin a takarda aka kai rana, aka kife shi da rariya don kada iska ta kwashe.

Da ƙyar Gwaggo ta yarda aka ɗora dirhamin a kan abin. Alhaji ya sa tabarau ya sunkuya. "Biyu, birgil ɗaya." Na tambayi mene ne birgil, aka ce mini ɓarɓashin da ke saura ne idan giram bai cika ba. Sai ya shiga latse-latsen wayarsa, can ya ɗago da murmushin wanda ya kama ɓarawo. "Yaya, dirhamin shari'a kusan giram uku ne. Na Kaka bai cika ba."

"Wayarka ce ba ta cika ba," in ji Gwaggo. "Ita wayar ta je Gwanja? Ta ɗauki goro a ka? Kai da aka auna naka gashin da wannan dirhamin kana tsala ihu, yau kai ne za ka ce bai cika ba?" Alhaji ya ce ai hudar da aka yi masa ta ci wani abu, hannun mutane ma ya ci wani abu. Ta ce in dai hannu na cin azurfa, to nasa hannun ya kamata a fara bincika. Mata suka ƙyalƙyale a bakin murhu. Har zuwa nan abin dariya ne, ni ma na ɗan saki fuska, abin da ba kasafai nake yi ba.

Sai aka kawo gashin ya bushe. Wallahi da ka gan shi ka ce ƙurar da ake sharowa ce daga ƙarƙashin gado. Alhaji ya zuba shi a kan ma'aunin, ya sunkuya, ya goge tabarau, ya sake sunkuyawa. "Sifiri, birgil huɗu." Wato ko giram ɗaya bai kai ba. Bai kai dirhamin waya ba, bai kai na Kaka ba, bai ma kama hanyarsu ba.

Gwaggo ta gyara zama. Na san wannan gyaran zaman, na yi shekara da shekaru ina ganinsa. Ba ta ɗaga murya ba, amma ta tabbata ta kai bakin murhu. "To. Ni dai tun da nake ban taɓa auna ɗan gidan nan ya kasa ba. Amma kuma ban taɓa auna wanda aka samu ubansa yana ƙetaren gulbi ba." Muciya ta tsaya a tukunya. Wata mata da ke daka ta bar taɓarya a sama. Na dubi ɗana, ya sunkuyar da kai yana wasa da gefen tabarma.

Liman mutumin kirki ne, ba ya son tashin hankali, musamman kafin a ci naman suna. Ya yi gyaran murya ya ce a bi a hankali, ai malaman da can ba da giram suke awo ba. A littafi, dirhami nauyin ƙwayar sha'ir hamsin ne da ɗan ɗori, kashi biyu cikin biyar na ƙwaya ɗaya, matsakaita, waɗanda aka yanke wa tsini. Wanzami ya ce, "Allah gafarta Malam, mene ne sha'ir?" Liman ya ce wani hatsi ne na ƙasar Larabawa. Aka juya ga Alhaji, tun da shi ya je can. Ya ce shi dai shinkafa da kaza ya gani.

Nan ɗana ya ga ƙofa. Ya yi wuf ya tashi, mutumin da tun safe ko motsi bai yi ba, ya shiga rumbu da madafa ya dawo da hatsi iri-iri a tafin hannu. Wai ai hatsi hatsi ne. Manya-manyan maza suka durƙusa a tabarma suna ƙirga ƙwaya kamar kaji. Aka ɗora masara hamsin, ma'aunin ya ba da wata lamba da ta sa Alhaji ya ce a sauke kafin a lalata masa kaya. Aka ɗora dawa, ta fi gashin nesa. Aka ɗora shinkafa, ita ma ta fi shi. Sai aka zo kan gero. Wanzami har da sa reza yana ƙoƙarin raba ƙwayar gero gida biyar don a cika ɗorin da liman ya faɗa, ƙwayar ta yi tsalle ta shige rigar liman. Da aka gama, Alhaji ya karanta. "Sifiri, birgil huɗu."

"Alhamdu lillahi!" in ji ɗana, har da tafi. "Kun gani? Daidai! Dirhami cif!" Ban taɓa jin kunyar haihuwa ba irin ta wannan lokacin. Ƙato da gemu, yana son ƙwayar gero ta yi masa shaidar da shi ya kasa yi da bakinsa.

Gwaggo ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, gero littafin ya ce?" Liman ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce gaskiya ba gero ya ce ba. Wanzami ya sa baki, ya ce shi a iya saninsa da jiƙe ake auna gashin nan, har da audugar. Gwaggo ta ce to a jiƙa. Aka jiƙa, aka naɗe a auduga, ta ɗora a nata ma'aunin na tagulla, ta ɗaga. Ni kuwa ba farantin nake kallo ba, hannunta nake kallo. Duk awon da ta yi a gidan nan, ƙaramin yatsanta yakan kwanta a kan zaren da ke gefen gashi, ya ɗan taimaka wa jini. Ran nan ta ɗage yatsan sama kamar mai shan shayi a gidan gwamna. Dirhami ya yi ƙasa, gashi ya yi sama yana lilo.

Na so in tona zancen yatsan, har maganar ta zo bakina. Amma na ga ba za ta fid da kowa ba. Ko na nuna cewa duk ƴaƴan gidan da yatsa suka cika dirhami, matan da ke bakin murhu ba gashi suke aunawa ba, watanni suke ƙirgawa. A daidai nan na ji ƙarar murfin akwati daga bayan labule, da irin kukan da mutum ke yi yana toshe baki da zane. Yarinyar nan kayanta take haɗawa. In ta fita daga gidan nan ran suna da jariri a hannu, to ta fita ke nan da sunan da ba zai goge ba, ita da ɗan, har jikokinsa.

Ku da kuka san al'ada kun san uwa ba ta yi wa ɗan fari magana a cikin mutane. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa tsayawa na dube shi a gaban dangin ubansa ba. Ran nan na taka har gabansa na ce, "Kai." Wanzami ya ajiye reza. "Ɗago kanka daga geron nan. Ko ka faɗa, ko in faɗa. In kuwa ni na faɗa, har launin rawanin sai na faɗa."

Ya dube ni, ya dubi labule, ya dubi aljihun da makullin yake. Na ga yana aunawa, shi ma da nasa ma'aunin. Sannan ya juya ga Alhaji. "Baffa, na riƙa ƙetarowa." Alhaji ya ce, "Ƙetarowa ina?" Ya ce, "Gida. Da kwale-kwale. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yaron nan nawa ne. Ni na hana ta faɗa."

Kuna tsammani Alhaji zai ce masha Allah, an wanke yarinya? Ina! Ya miƙe tsaye, ma'aunin ya faɗi, gero ya watse. "Motar fa? Wa ka bar wa motata?" Ɗana ya ce direban da ke bayansa a layi ne yake duba masa. "Wani ƙaton da ban san ubansa ba? Shinkafar mutane har sama, ka bar ta a bakin hanya ka zo nan kana, kana..." Ya tuna liman na wurin, ya haɗiye sauran. A lokacin an daɗe da sauke kayan lafiya, ko buhu ɗaya bai ɓace ba, amma rantsuwa rantsuwa ce. Ya miƙa hannu, ɗana ya zaro makulli ya sa masa. Da sabon jariri, da rago a rataye ko fiɗa ba a gama ba, ya zama ba shi da aiki. Ban ji tausayinsa ba a ranar. Daga baya na ji, kaɗan.

Gwaggo ba ta saba sauka daga magana haka kawai ba. Ta ce, "To in nasa ne, don me gashin ba nauyi?" Alhaji ƙanen mijina ne, akwai wasa tsakaninmu tun ina amarya, ko da yake na daɗe ban yi amfani da shi ba. Na miƙa hannu na cire masa hula. Kan nan ya fito fes yana ƙyalli kamar sabuwar tasa. Na ce, "Yaya, ga ɗan gidanku na asali. Tattara na nan ki auna mana, mu ji ko birgil nawa ne." Tsakar gida ya ɗauka da dariya gaba ɗaya, wata har da faɗuwa a kan turmi. Liman ya tura fuska cikin rawani, kafaɗunsa na rawa. Alhaji ya fizge hularsa yana cewa ni ba ni da mutunci tun asali, abin da ban musa ba. Gwaggo ta ƙulle dirhaminta a bakin zane ta ce kanta na ciwo.

Aka dawo kan sadaka, nawa za a bayar? Alhaji, da fushinsa da komai, ya lissafa cewa in nauyin gashi ne gaskiya to birgil huɗu ne kawai, kuma gidan nan ya daɗe yana biyan kuɗin sabulu. Liman ya ce a ba da mafi nauyi a cikin dirhaman da aka yi gardama a kansu, Allah ba ya ƙin ƙari. Aka ba da giram uku, daga aljihun Alhaji, don wanda ya kamata ya biya ba shi da aiki.

Na ɗaga labule na shiga. Tana zaune a kan akwati, yaron a cinya, kansa fes da ɗan jan reza. Ta ce, "Inna, rantsar da ni ya yi." Na ce na sani. Ta zaro ido. "Kin sani?" Na ce mata mutumin da zai ɓoye, ba ya barin takalmi a ƙofa. Ta yi wata dariya haɗe da kuka. Na ce ta kwance kayan nan ta sha kununta tun da zafi, ba inda za ta je.

Yaron yanzu yana gudu a tsakar gida, gashi a kansa kamar ciyawar fadama, har wanzami na ƙorafi. Ubansa ya yi wata da watanni yana kabu-kabu da babur ɗin aro kafin Alhaji ya yi kaffarar rantsuwarsa ya mayar masa da mota. Har yau ban san giram nawa ne dirhami na gaskiya ba, kuma na lura su ma masu sanin ba su gama shiryawa a kai ba. Abin da na koya shi ne, tagulla da pil da ƙwayar gero duk abin da mai riƙe da su yake so shi suke faɗa. Idan sunan mutum ne a kan faranti, ba abin da zai ɗaga shi sai wani ya buɗe baki ya faɗi abin da ya sani, ya kuma yarda ya yi asarar da ke ciki.

Amma akwai sauran aiki. Na lura tun lokacin da Gwaggo ta yi maganar ƙetaren gulbi, wasu mata sun ɗauki kwanon tuwonsu sun sulale, don su riga kowa kai labari. Rabin farko kawai suka tafi da shi, kuma shi ne rabin da ya fi daɗin faɗa. Ni ba mai shiga gidaje ba ce, unguwa ta shaida, in ba mutuwa ko haihuwa ba ba a ganin ƙafata a ƙofar kowa. Washegarin sunan da sassafe na yafa mayafi, na fara da gidan wadda ta fi kowa baki a cikinsu, mai sayar da ƙosai a bakin tasha. Ta gan ni ta rikice, ta rasa inda za ta shimfiɗa tabarma. Na ce ta bar tabarmar, gidaje da yawa ke jirana. Na ce, "Zauna ki buɗe kunne da kyau. Yau ni na kawo miki gulma, ta ɗana ce, kuma ina so kafin azahar ta kai Tanda."